Daɓen da Na Jera a Kokodi

Ɗakin farko da na kwana a Abijan yana Ajame, bayan kasuwa, cikin wani lungu da ruwan kwata ba ya ƙafewa. Na katako ne da rufin kwano, taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da kwali. Duk wanda ke ciki mutumin Adar ne: na Buza, na Keita, na Azarori, sai ni daga Deule. Mai riƙe da ɗakin shi ne Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wanda ya daɗe a can yana tallar agogo da tabarau. Da ƙafarsa ya nuna mini gurbina, tsakanin bakin ƙofa da buhunan kayan talla.

"Nan za ka kwana, Salifu. In za ka juya ka juya da sannu, akwai mutum bayanka."

Duk mai fita alwala sai ya tsallake ni, ƙofar kuma ciki take buɗewa, kullum a haƙarƙarina take tsayawa. Na ce da kawu me zai hana a juya ta ta riƙa buɗewa waje. Ya ce ɗakin haya ne, ban zo gyaran Abijan ba.

Shekarun da suka biyo bayan babban farin nan ne, wanda ya share mana awaki da jakai. Mahaifina maginin laka ne, a hannunsa na koyi kwaɓa ƙasa da jera tubali, amma mutumin da bai cika rumbu ba ba ya kiran magini. Na baro matata Rabi, 'yar Karofane, da jaririya a goye, na ce mata rani ɗaya zan yi. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ba talla na zo yi ba. Na taɓa shiga wani ginin gwamnati a Madawa na ga ƙasarsa an jere ta da karo, falalen tangaran ɗin nan masu santsi, na tsaya ina kallo har aka kore ni daga hanya. Tun ranar nake son in iya wannan aiki.

Da na faɗa wa kawu, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Kowa ya zo nan tire yake ɗauka, damina ta yi shi koma gida. Kai mi ka fi mu da shi?"

Ban ɗauki tire ba. Aikin farko da na samu a unguwar Abobo ne, wurin wani ɗan kwangila mai buga bulo. Ya ce in na yi haƙuri zai haɗa ni da masu karo. Yashinsa daga bakin lagun ake kwaso shi, ruwan gishirin nan da ya ratsa garin, ba a wanke shi, simintin kuwa kamar ana barbaɗa yaji a tuwo. Na ɗanɗana yashin da harshena na ji gishiri. Na danna bulon da ya bushe da babban yatsa, gefensa ya zube. Na je na same shi da ɗan Faransancin da na tsinta a lakkwal, makarantar boko, kafin a cire ni, na kira shi patoro, wato maigida.

"Patoro, bulon nan ba zai riƙe ba."

Ya yi dariya ya kira mutanensa su zo su ji, wai ɗan ƙasar da ake gina gida da kashin jaki ya zo koya masa siminti. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, katangar da aka tayar da bulon ta kwanta. Allah ya kiyaye ba kowa a gindinta. Ɗan kwangilar ya gaya wa mai gini cewa leburorinsa ne ke satar siminti suna sayarwa. Aka kwashe mu zuwa wurin 'yan sanda, muka sha zaman benci da zagi, da ba a sami komai a kanmu ba aka ce mu ɓace. Shi kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Ranar na koma Ajame a ƙasa, na tarar da kawu yana lissafin tabarau, ya turo mini kwanon shinkafa.

Bayan wannan na faɗa hannun Kosi, mutumin Togo, gwanin karo na gaske. Ba zan rage masa ba, hannunsa na da kyau. In ya gama ɗaki ka zuba ruwa a tsakiya, nan zai tsaya bai san inda zai gangara ba. In makewayi ne kuwa, duk inda ka zuba sai ya nufi rariya. Ya ɗauke ni a kan zai koya mini. Na ɗauki kwalayen karo a ka har hawa na uku. Na jiƙa su cikin tano, wato gangar ruwa, don kada su shanye ruwan siminti su saki daga baya. Na tankaɗe yashi, na kwaɓa, na goge, na share. Wannan duk ya bar ni na iya.

Amma duk ranar da za a fara sabon ɗaki, lokacin da ake ja igiya a auna a san inda karon farko zai zauna, sai Kosi ya shafa aljihu.

"Salifu, je ka sayo mini taba. Ba ta shagon nan ba, ta can bakin titi."

In na dawo, igiyoyi sun miƙe, layin farko ya kwanta, yana fito. Wata rana burodi, wata rana ƙusa wadda ba ma buƙata. Na gwada gudu, na dawo ina haki, ya ce taba ba irinta ba ce, in mayar. Da na gaji na tambaye shi kai tsaye.

"Patoro, don me kullum daga tsakiyar ɗaki kake farawa?"

"Wa ya ce maka daga tsakiya nake farawa? Simintin can yana bushewa."

Damina ta farko ta zo, 'yan ɗakinmu suka ɗaure kaya suka tafi noma. Na aika wa Rabi da turmin zane da saƙon cewa ina dab da iyawa. Damina ta biyu ma haka. Ɗakin Ajame in ya zama wayam, a nan kewa ke kama ni. Ruwan Abijan ba ya da ƙamshi, zuba kawai yake, tufa ba ta bushewa, takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin tabarma. Sai in tuna yadda ƙasar gonarmu ke tashi da ƙamshi in ruwan farko ya taɓa duwatsun Deule, in ji aceke, dambun rogon can, ya zama dusa a bakina.

A rani na uku Kosi ya sami aiki a Kokodi, unguwar manya, wani babban gida da wani darakta ke ginawa. Mai gadin shantiyen, wato wurin ginin, wani dattijo ne Bamoshe, Tinga. Shi ya fara lura da yadda nake tsintar fasassun karo ina juya su a hannu. Ran Lahadi, da ba kowa, ya buɗe mini rumfar ajiya ya ce in yi wasana, shi bai gani ba. Na baje yashi na riƙa jerawa ba siminti. Kullum in na faro daga jikin bango, layin farko ya yi kyau, na biyu ya yi kyau, kafin in kai ɗaya bangon sai in ga abin ya karkace, gefe ɗaya saura faɗin hannu, ɗaya gefen saura faɗin yatsa. In rushe in sake, haka. Tinga yana zaune yana fifita gawayin shayi, ya ce:

"Wataƙila bangon ne ba daidai ba."

"To in bango ba daidai ba, da me mutum zai kama?"

Ya ce shi gadi ya sani.

A wannan gida na fara ganin Madam Odil. 'Yar ƙasar ce, ta yi karatu a Faransa. Ba maginiya ba ce, ba ita ta zana gidan ba. Aikinta shi ne ta faɗi inda kowane abu zai zauna a ciki, da launinsa, da abin da za a yi shi da shi. Takan zo da ƙaramar mota, ta tuɓe dogon takalmi a bakin ƙofa ta sa silifa. Ma'aikata ba sa son ganinta. Ranar farko ta sa aka toshe ƙofar ɗakin cin abinci aka huda wata a gefe, don a cewarta mai ɗauko tuwo daga madafa bai kamata ya ratsa ta tsakiyar baƙi ba. Ta mayar da katakon da kafinta ya kawo, ta ce ɗanye ne, in ya bushe a jikin bango zai murɗe. Magina suka yi ta ƙunƙuni.

Ni ta zaɓa in riƙe mata bakin metir, abin awo, ba don komai ba sai don ni ne ba na gunaguni. Tana aiki tana magana, rabi da ni rabi da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofar salo, babban ɗakin baƙi, ta taka zuwa inda kujeru za su zauna, ta dawo, ta taka zuwa ƙofar baranda, tana jan alli a ƙasa.

"Ka ga wannan? Hanya ce. Kafin ka sa kujera ko ɗaya, ka fara sanin ta ina mutane za su bi. Abin da ya rage shi ne wurin kaya. Mutane suna cika ɗaki da kaya, sannan su riƙa bin gefe kamar ɓarayi a gidansu."

Wata rana ta sa na shafa fenti kala uku a bango, ta zo da safe ta duba, ta dawo da la'asar ta sake dubawa, don hasken safe da na yamma ba launi ɗaya suke nunawa ba. Ta ce fari da mai haske suna buɗa ɗaki, mai duhu yana matse shi. Ta ce in mutum ya shigo, idonsa abu ɗaya yake nema ya sauka a kai. In ka ba shi goma, sai ya gaji tun bai zauna ba. Ta ce wurin da aka bari babu komai, shi ma aiki yake yi. Ni dai ina riƙe da bakin metir ina haɗiye maganar. Na koma Ajame na dubi ɗakinmu, na ga da za a jera buhunan talla a bango ɗaya a rataye tire, da kowa ya sami hanyar fita ba tare da ya taka wani ba. Na faɗa, aka ce Salifu ya fara zama Bature.

Salon gidan shi ne babban aiki. Madam Odil ta ce a jera tsakiyarsa da karo mai ruwan madara, a karkace, kusurwa na kallon ƙofa, sannan a kewaye shi da layin karo mai ruwan ƙasa, kamar bakin tabarma, don kujeru su zauna cikin kewayen, hanya ta bi ta bayansa. Kosi ya ce yankan ya yi yawa. Suka yi ta ja. Ana cikin haka ya sami wani aiki a otal, ran Litinin muka zo ba shi ba kayan aikinsa, ko sallama bai yi mini ba.

Madam Odil ta tsaya a tsakiyar salon, hannu a ƙugu. Masu karon da ta sani duk suna kan wani aiki. Ta juyo ta dube ni.

"Kai, shekara nawa kana tare da shi?"

"Wannan ta uku."

"To jera mini."

Na ce mata gaskiya: na iya kwaɓi, na iya yanka, na iya dannawa da cike tsakani, amma ban san yadda ake gano wurin farawa ba, bai taɓa bari na gani ba. Ta dube ni, sannan ta ce in kawo igiya da ƙusa. Ta auna tsakiyar kowane bango, muka ja igiya biyu suka gicciye a tsakiyar ɗaki. Ta auna uku a kan ɗaya, huɗu a kan ɗayar, ta ce in tsakanin alamun biyu ya ba da biyar, kusurwar ta tsaya daidai. In bai ba da ba, a gyara igiya.

"Kada ka taɓa yarda da bango, bango ƙarya yake yi. Igiya za ka bi. Ka jera su a bushe tukuna daga nan zuwa kowane gefe, ka ga abin da zai rage, ka raba shi daidai. Shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Tinga ya ɗora shayi lokacin da muka fara, bai sauke ba muka gama. Na fita bayan gida na zauna a kan bulo. Ba murna na ji ba. Na tuna duk tabar da na sayo, duk burodin, damina biyu da na bar gonata. Da Kosi na kusa a lokacin, ban san abin da zan yi masa ba.

A cikin makon nan Ilu, wan Rabi, ya iso Ajame daga gida. Bai ko tsaya mun gama gaisawa ba.

"Baba ya ce in gaya maka da bakina. Ɗiyarka tana gudu tana magana, ba ta san ka ba. In ruwan shuka ya sauka bana ba ka gida, za ya ɗauke Rabi, kuma za su tahi wurin alƙali."

'Yan ɗaki duk suna ɗaure kaya, kowa ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. Kawu Nomau ya ja ni waje.

"Mota na tashi jibi. Ka shiga mu tahi."

"Kawu, ɗaki guda ne. In na jera shi da hannuna, na zama mai sana'a. In na tafi yanzu, lebura na zo lebura na koma."

"Ɗakin wani za ka gyara naka shi mutu?"

"Ba zai daɗe ba. Ina bayanku."

Ya dube ni, ya tofar da goron bakinsa ya koma ciki. Suka tafi.

Aikin da na ce ba zai daɗe ba ya daɗe. Kwanakin farko sai in jera in ɗaga, in sake. Daga baya hannuna ya zauna. Na kai rabi, karon da ke ƙasa ya ƙare, aka kawo sababbin kwalaye daga kanti, na ci gaba ina sauri. Da safe Madam Odil ta shigo, ta buɗe ƙofar baranda haske ya kwanta a ƙasa, ta tsaya cik.

"Salifu, zo ka tsaya nan."

Na tsaya inda take. Sai na gani: sababbin sun fi na farko ja kaɗan. Suna ɗaya, lamba ɗaya, amma ba a wuta ɗaya aka gasa su ba. A tsaye a kansu ba ka gani, daga bakin ƙofa kuwa kamar an raba ɗakin biyu.

"Madam, kujera za ta rufe."

"Kujera tana motsawa. Ɗaga su."

Na ɗaga aikin kwana da kwanaki da kurfi da guduma. Mai kanti ya ce irin na farko sai jirgin ruwa ya iso. Muka zauna jira. Kullum in na tashi sai in bi ta tashar motocin arewa in tambayi masu saukowa. Aka ce an yi ruwa a Madawa. Aka ce Buza ta yi shuka. Wani ɗan Keita ya ce su har sun fara noman farko. Ina jin wannan in koma Kokodi in zauna kusa da Tinga ina kallon rabin ɗaki. Shi ne ke raba abincinsa da ni a kwanakin nan, bai taɓa tambayata dalilin da ba na magana ba.

Da karon ya iso na yi aiki kamar mahaukaci. Ranar da na cike tsakani na ƙarshe na wanke ƙasar da ruwa da tsumma, na koma bakin ƙofa na duba. Layukan sun tafi a karkace tun daga ƙafata har baranda, ba wanda ya kauce. Kewayen mai ruwan ƙasa ya zagayo ya haɗu, yankan kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Hasken la'asar ya shigo ya kwanta a kai, ɗakin ya ƙara girma. Madam Odil ta tuɓe silifa ta taka da ƙafa tsirara daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana lalube da tafin ƙafa ko za ta ji baki ya ɗago. Ba ta ji ba. Ta miƙo mini hannu, karo na farko.

"Yanzu kai ma patoro ne."

Tinga ya leƙo ta taga ya ce da yarensu wani abu da ban gane ba, yana dariya.

Na yi niyyar shiga mota da zarar an sallame ni. Kwana biyu bayan haka matar darakta ta dawo daga Faransa. Ba ta taɓa zuwa shantiyen ba sai ranar. Bayan motarta akwai wata babba, aka sauke wasu manyan naɗi ja wur. Mokat ce, dardumar nan mai gashi da ake mannewa a ƙasa daga bango zuwa bango. Ta shigo salon da takalminta, ta dubi ƙasa sau ɗaya.

"Wannan kamar asibiti. A rufe shi."

Madam Odil ta yi mata bayani a hankali. Ta ce garin nan damshi gare shi, gidan kuma kusa da ruwa yake, mokat za ta sha laima ta yi wari kafin shekara. Ta ce ja mai duhu zai haɗiye hasken ɗakin. Ta ce in darduma take so, a shimfiɗa ƙarama a tsakiyar kewayen, a ɗaga ta a kakkaɓe in ta yi datti. Matar ta ce duk gidajen da ta shiga a can haka suke, kuma ba ta sayo ta don a ajiye ba. Aka juya ga darakta. Ya dubi agogonsa ya ce a yi yadda uwargida ke so.

Madam Odil ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya kusa da ni, ta dafa kafaɗata ta wuce. Ban sake ganinta ba.

Masu shimfiɗa mokat suka ce gam ba ya kama karo mai santsi, sai an kankare fuskarsa. Shugaban shantiye ya ce ba wanda za a sallama sai salon ya ƙare, kuma ni na fi kowa sanin ƙasar. Aka miƙo mini dutsen gurza da bokitin gam. Na fara daga kusurwar baranda, ina gurzawa ina shafawa ina ja da baya, su kuma suna bina da jan naɗin suna dannawa. Warin gam ya cika mini kai. Ban ɗaga ido ba har na ji dugadugaina sun taɓa dokin ƙofa. Tinga bai leƙo ba ranar. Da zan tafi ya raka ni har titi, ya cusa mini ƙullin ganyen shayi a aljihu.

Na iso Deule gero ya kai gwiwa. Wana ya shuka rabin gonata, rabin ya bar wa ciyawa, ya ce hannu biyu gare shi. Ɗakina a rufe, rufin ya yi yoyo, bangon gabas ya zube daga sama. Rabi tana Karofane tun ruwan farko.

Muka tafi biko ni da wana, a ƙasa. Surukina Baba Tanko ya bar mu a zaure har rana ta karkata kafin ya fito. Muka durƙusa muka gaishe shi. Wata 'yar yarinya ta leƙo ta bayan rigarsa, na miƙa mata hannu, ta ruga ciki da gudu.

"Salifu, damina ukku. Waɗanda kunka tahi tare sun zo sun koma, sun zo sun koma. Mi ka tsaya yi?"

"Sana'a na koyo, Baba."

"Wace?"

"Daɓe. Irin na zamani, na karo."

"Daɓe." Ya juya ya dubi wana, ya sake dubana. "Matan garinga, in sunka taru da makuba da madaɓi, wuni guda su ka daɓe ɗaki, har da waƙa. Kai shekara ukku. To, ɗaki nawa ka daɓe?"

"Da hannuna, ɗaya."

"Wa za mu tambaya shi ba mu labarinsa?"

Wana ya zungure ni. Na ce, "An rufe shi, Baba."

Bai yi dariya ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce bai kai magana wurin alƙali ba saboda girman mahaifina, amma Rabi ba za ta koma ɗakin da ke yoyo da rumbun da ba kowa a ciki ba. In tafi in tayar da bango, in nome abin da ya saura, bayan kaka a sake zama. Kuma in ya ƙara jin na nufi Kwaddibuwa, ƙasar Abijan, kada in biyo ta Karofane in na dawo. Ya tashi ya shige.

Mun fito mun kama hanya, sai na ji an kira sunana a hankali ta bayan darni. Rabi ce. Ban ga fuskarta sosai ba, sai ido da bakin mayafi ta tsakanin kara. Wana ya yi gaba ya ba mu wuri. Na shirya jin faɗa, na san na ci a yi mini.

"Daɓen nan," ta ce, "ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, Rabi."

"Wa ya gani?"

"Ni, da mai gadi, da wata mata."

A cikin gida yarinyar na kiranta.

"Ba su da yawa," ta ce. "Tahi ka gyara bangon. Ruwa na tahowa."